Filin Shawara: Wasiƙun Misfala

 A wannan makon daga Makka nake amsa muku. Allah Ya nufe ni da Umara, kuma kamar yadda na saba, a Misfala na sauka. Ga wanda bai taɓa zuwa ba, Misfala ita ce unguwar da ke gangaren kudu da Harami, in ka biyo Shara Ibrahim Khalil ka miƙe har gadar da mutanen nan ke kira kubri. Nan ne zangon alhazanmu na Najeriya da Nijar shekara da shekaru. Da yamma in ka rufe ido ka kasa kunne, sai ka rantse a Fagge kake: mai fura na kira, mai tuwo na zuba miyar kuka, wani yana rantsuwa da Hausa cewa ko riba bai ci ba. In ka buɗe ido sai ka ga mai rantsuwar ɗan Bangaladash ne, a samansa kuma ga benen agogo, mita 601, yana leƙen kowa.

Tun kafin in taso na ware wasiƙu biyar da duk suka biyo ta wannan unguwa, na ce a nan ya kamata in amsa su, ina kallon wurin da idona. Sunaye na cire, kamar kullum.

Sun ce na yi kuɗi na manta da asali

Gwaggo, barka da ƙoƙari. Ni 'yar Katsina ce, shekarata tara a Misfala. Da bizar Umara na shigo bayan rasuwar mijina, ban koma ba. Lokacin alhazai ina sayar da tuwo da shinkafa, in sun tafi in yi wanki da aikatau. Ba ni da igama, wato takardar izinin zama. Mu shida ne a ɗaki. 'Ya'yana uku suna wajen mahaifiyata. Tun da naira ta faɗi kowa lissafi yake mini, wai riyal ɗari ai ba komai ba ne a wajena. Yayana yana son adaidaita sahu, ƙanwata kayan ɗaki, kawuna kuɗin taki. Da na ce babu, sai aka ce na yi kuɗi na manta da asali. Ga shi za a aurar da babbar 'yata bayan Sallah, rabona da ita tana da shekara goma. In na fita ba zan sake shigowa ba, in na zauna a ɗaura ba na nan. Yaya zan yi?

'Yarki, Misfala

'Yata, Allah Ya jiƙan mijinki, Ya raya abin da ya bari. Kafin in taɓa 'yan uwanki, bari in fara ta kanki. Wane irin hoto kike aika musu? Na san amsar, domin jiya bayan Isha na tsaya a farfajiyar Harami ina kallon mata irinki suna ɗaga waya, agogo a bayansu, marmara a ƙarƙashinsu, fitilu kamar rana tsaka. Ba wadda ke ɗaukar hoton ɗakin mutum shida, ko na ranar da baladiyya, ma'aikatan hukumar birni, suka biyo ta, ta bar tukunya a titi ta ruga. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, ke kuwa shekara tara kina nuna musu rufin maƙwabta. To, da abin da suka gani suke miki hukunci.

Lissafin nasu gaskiya ne, sai dai rabinsa suka yi. Tun 1986 riyal a ɗaure yake da dalar Amurka, riyal 3.75 dala ɗaya, ba ya gaba ba ya baya. Naira kuwa a watan Yunin 2023 aka sake ta, aka ce kasuwa ta yi mata farashi. Kafin shekara ta zagayo dala ta haura naira 1,500, riyal ɗaya ya taɓa naira 400. Lokacin da kika shigo ko 150 bai kai ba. Wato riyal ɗarin da yayanki ke rainawa, in ya sauka Katsina wajen naira dubu arba'in ne, ya fi albashin wasu malaman makarantu masu zaman kansu. Dole idonsa ya rufe.

Ga rabin da bai lissafa ba. A 2018 aka fara sa harajin saye a ƙasar nan, kashi 5 cikin ɗari, a Yulin 2020 aka ninka shi uku ya koma 15. Shinkafar tukunyarki daga Indiya take zuwa, kazar daga Burazil, kowace da kuɗin jirginta. Gidajen da talakawa ke raɓewa kusa da Harami an rushe su an kafa otal-otal, dubi Jabal Umar, shi ya sa kuke shida a ɗaki. A can gida kuma, tun ranar 29 ga Mayun 2023 da aka cire tallafin mai komai ya tashi, kuɗin da kike aikawa ya yi kauri a waya, a buhu kuwa bai ƙara wani mudu na a zo a gani ba. Ba ke kika yi kuɗi ba, 'yata, su ne suka talauce. Hukuncin da ya talauta su kuwa a Abuja aka yanke shi, bayan Bankin Duniya da asusun IMF sun daɗe suna ba da shawararsa. Murhunki ba shi da hannu a ciki.

Ki kuma tuna musu da shekarun korona. A 2020 'yan tsiraru mazauna ƙasar ne suka yi Hajji, a 2021 mutum dubu 60 kawai aka bari, ba baƙo ko ɗaya daga waje. Cutar da ta ɓulla a Wuhan ta kashe miki wuta shekara biyu cur. Cikin masu yi miki lissafi yau, wa ya aiko miki da ko sisi a lokacin?

Ki kira yayanki ta bidiyo, ki zagaya da wayar cikin ɗakin, ya ƙirga katifun da kansa. Daga nan ki yanke abin da za ki riƙa aikawa duk wata, hannun mahaifiyarki kaɗai, don ita da yaran. Adaidaita sahu da kayan ɗaki da taki ba wajibinki ba ne, in kin samu rara kin yi, lada ne. Sauran ki tara wa kanki, kuma kada ki tara a hannun wanda ke jin haushin kin hana shi. Na san wata baiwar Allah da ta yi shekara goma sha biyu a Shara Mansur tana aika kuɗin gini, ana aiko mata da hoton gida har da fenti. Ranar da aka yi tarhil ɗinta, wato aka koro ta gida, ta sauka, ta tarar gidan yana nan daram, mai shi ne dai wani daban. In fili za ki saya, a rubuta da sunanki, a yi shaidu gaban mai unguwa, ki ga takardar da idonki.

Zancen komawa kuwa ba zan yi miki daɗin baki ba. Zama ba igama karya dokar ƙasar mutane ne, kuma ragar sai ƙara matsewa take. An yi sharar marasa takarda a 2013, an sake a 2017, yanzu komai ya koma waya da hoton yatsu. Wanda aka kama Shumaisi ake kai shi, can tsakanin Makka da Jidda, daga shi sai kayan jikinsa. Tafiya dai za ki yi, ko bana ko baɗi. Abin da ya rage a hannunki shi ne ki tafi da ƙafarki da ɗan jarinki kafin a tafi da ke. Ki sa a tambayo miki ƙaramin ofishin jakadancin Najeriya da ke Jidda yadda ake samun takardar fita, tun yanzu, don abin yana cin lokaci kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Matar da ta ciyar da alhazan jihohi goma da tukunya biyu, ido ɗaya a kan miya ɗaya a kan askar, wato 'yan sanda, ba za ta rasa abin yi a Katsina ba. Yarinyar nan ta yi haƙurin shekara tara. Ki je ki yi mata nasihar daren kai amarya da bakinki.

Tsarabar Makka ƙirar Sin

Gwaggo, ni magidanci ne a Zariya, bana Allah Ya kira ni. Guzurin dala 500 aka ba mu. Na matse bakin aljihuna, ko lemo ban yarda na saya ba, don in yi wa iyali tsaraba. A Misfala na saya wa matana biyu abaya iri ɗaya, da dardumai da carbi da agogo mai kiran salla. Da na dawo amarya ta juya wuyan abayar, ta ga an rubuta ƙirar Sin ce. Ta ce a Kantin Kwari da rabin kuɗin ake sayar da irinta, wai ma ƙila a hanya na tsaya na saya. Uwargida ba ta ce uffan ba, amma har yau ba ta sa tata ba. Abin ya ƙona mini rai.

Sabon Alhaji, Zariya

Alhaji, Allah Ya karɓi ibada. Ka yi mini afuwa, sai da na dara kafin in ɗauki alƙalami, don a shagon da ke ƙasan masaukina na karanta wasiƙarka karo na biyu, ina jingine da tulin irin abayar da kake magana.

Amarya ta iya karatu, ta kuma san kasuwa. Inda ta kuskure shi ne zarginka. Makka kwari ne da ba a noma a cikinsa, kuma tun fil azal kasuwa ce, saƙa ba ita ce babbar sana'arta ba. Carbin da ka saya da agogon mai kiran salla, galibinsu daga Sin suke, akwai wani birni can mai suna Yiwu da ƙananan kaya irin waɗannan suke fitowa zuwa duniya duka. Darduma in ba ta Sin ba ce, ta Turkiyya ce. Ragon hadayarka ma ƙila ta tashar Barbara ya hau jirgin ruwa, ko daga Sudan. Jirgin ƙasan da ke kai alhazai Mina da Arfa kamfanin Sin ne ya gina shi, ya fara aiki a 2010, taragon wanda ke zuwa Madina kuma ƙirar Sifaniya ne. Kwantena biyu ke tasowa daga masana'anta ɗaya, ɗaya ta sauka Jidda, ɗaya ta sauka Legas ko Kwatano ta gangaro Kwari. Kai ka sayi ta Jidda da riyal, ka biya harajin Saudiyya, ka biya hayar shagon Misfala, ka ɗauko ta a jirgin sama. Yaya ba za ta ninka ba?

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya ba abayar ba ne. A da tufar Kano har Tambutu da Tarabulus ake kai ta. Kakanninmu da suka zo nan a ƙasa, ta Barno da Chadi da Sudan, suna tafe suna fatauci, in guzuri ya ƙare su yi ƙodago a gonakin audugar Jazira, da abin hannunsu suke isowa. Ko a zamaninmu, masaƙar Kaduna ta KTL da aka buɗe a 1957 sai 2002 ta rufe, UNTL ta bi ta a 2007, kai ɗan Zariya ka fi ni sanin gidajen da wutarsu ta mutu a lokacin. Yau dala muke fita da ita mu dawo da saƙar wasu. Larabawan nan ma saye suke kamar mu, har yawancin abincin da suke ci daga waje yake zuwa. Sai dai su, har da baƙinsu, miliyan 32 aka ƙirga a 2022, suna haƙo ganga miliyan tara zuwa goma a rana. Mu mun haura miliyan 200 muna fama da ganga miliyan ɗaya da rabi. Kasuwa ɗaya muke ci da su, jakar ce ba ɗaya ba.

Kada ka yi musu da ita a kan wuyan riga, ta fi ka hujja. Ka tara su biyun, ka faɗa musu nawa aka ba ka da abin da ka hana cikinka. Tunda iri ɗaya ka saya musu, ka fita haƙƙi. Shirun uwargida ya fi damuna da surutun amarya, ka same ta ita kaɗai ka ji, ƙila ba abayar ce matsalarta ba. Maniyyata masu zuwa kuma ku ji: ku yi tsarabarku a Kwari kafin ku tashi, ku kulle a ɗaki, ba zunubi ba ne kuma da yawa haka suke yi. Daga nan ku ɗauko zamzam da dabinon Madina, su ne dai na tabbata ba a Yiwu aka yi su ba.

Kuɗin kujera yana guduna

Gwaggo, ma'aikacin gwamnati ne ni. Tun 2019 nake tara kuɗin kujera, lokacin tana wajen naira miliyan ɗaya da rabi. Duk sanda na kusa cikawa sai ta yi gaba. Wani abokina ya ce in shigo da bizar ziyara tun da wuri, akwai inda zan ɓuya a Misfala har ranar Arfa. In yi?

Ɗanki, Gusau

Kada ka yi, ɗana. Na san gudun da kujerar ke yi: kusan miliyan uku a 2023, ta kusa bakwai a 2024 duk da tallafin naira biliyan 90 da gwamnati ta zuba, ta haura takwas a 2025. Jirgi da masauki da tantin Mina da dala da riyal ake biyansu, albashinka kuwa da naira yake zuwa, shi ya sa kake tara ruwa a kwando. Amma a Hajjin 2024 mutum 1,301 suka rasu a zafin da ya haura digiri 51, kuma hukumomin Saudiyya sun ce kashi 83 cikin ɗari nasu ba su da tasrihi, wato izinin yin Hajji. Su ne ba tanti, ba mota, ba inuwa. A 2025 tarar wanda aka kama ta kai riyal dubu 20, da korar shekara goma. Hajji a kan mai iko aka wajabta shi, kuma ko malamin unguwarku zai faɗa maka haka. Ka shiga adashin gata da hukumar alhazai ta buɗe da bankin Jaiz a 2020, ko ka zuba abin da ka tara a dabbobi, su farashinsu yana bin zamani. Abokin naka, ka tambaye shi ko shi zai biya tarar.

Ejan ya ce aiki yana jirana

Gwaggo, ina da NCE, ina koyarwa a wata makaranta mai zaman kanta a Kano, albashin ko kuɗin mota ba ya isa. Wani ejan ya ce zai kai ni Saudiyya aikin gida, riyal dubu a wata. Da bizar Umara zan shiga, wata hajiya za ta karɓe ni a Misfala, za a riƙe fasfona har in gama biyan kuɗin tafiya. Mahaifiyata ta amince, wanda zan aura ya ce in na tafi a fasa. Ni kuma na gaji da talauci.

'Yarki, Kurna

'Yata, ba zan ce ki gode wa Allah ki zauna kawai ba, don mai ƙoshi ne ke saurin faɗar haka. Likitocinmu ma tafiya suke, a 2021 har Abuja aka zo ana tantance su. Neman abinci a ƙasar wani ba abin kunya ba ne. Sai dai gidan nan ƙofa biyu gare shi. Likita ta ƙofar gaba yake shiga, da bizar aiki da yarjejeniya a hannu. Ke ta katanga ake so a tura ki.

Bizar Umara ba ta aiki ba ce. Ranar da wa'adinta ya ƙare kin zama mai laifi, kuma wanda ya san haka shi ne mai gidan da za ki yi wa aiki. In ya hana ki albashin wata biyar, wa za ki kai wa ƙara? In kika je wajen askar, ke za a fara kamawa. Wadda ta zo bisa ƙa'ida da sunan kafilinta, wato mai gidan da ya ɗauke ta, take zuwa, yarjejeniyarta a rubuce a manhajar gwamnati mai suna Musaned, kuma ko kafili dokar ƙasar ba ta ba shi ikon riƙe fasfonta ba, balle wani ejan. Duk da haka ita ma ba ta tsira ba: in ta gudu daga gidan azaba sai a kai ƙarar hurub, wato ta tsere, ta koma abin farauta. Sassaucin da aka yi wa ma'aikata baƙi a Maris 2021, na canza wurin aiki da fita ƙasa, bai haɗa da 'yan aikin gida ba.

Ki kuma san da wa za ki yi gasa. 'Yan Filifin, 'yan Kenya, 'yan Yuganda, 'yan Habasha, 'yan Bangaladash, duk tsintsiya ɗaya suke riƙewa, amma albashi launin fasfo yake bi. A 2006 gwamnatin Filifin ta kafa wa 'yan aikin gidanta mafi ƙarancin dala 400. Indonesiya ta dakatar da tura nata a 2011 da ta ga abin ya yi yawa. Wadda ba takarda, ba gwamnati a bayanta, ita ce mafi araha a kasuwar, kuma dubun da aka yi miki alkawari a bakin ejan ta fara, a nan za ta ƙare.

Wani abu kuma, ko da wata rana kin tashi zuwa ta halal: kada ki karɓi jakar kowa, ko ta hajiyar da za ta karɓe ki. Mutanen Kano ba su manta da ɗalibar nan da aka kama a Madina a Disambar 2018 ba, saboda jakar ƙwaya da wasu suka liƙa wa sunanta a filin jirgi. Sai da ta yi wata huɗu a tsare kafin gaskiya ta fito. Hukuncin safarar ƙwaya a nan kisa ne. Ko goro an hana shigowa da shi.

Wannan ejan kada ki bi shi. In ya karɓi kuɗi ko fasfo, hukumar NAPTIP tana da ofishi a Kano, ki je da mahaifiyarki. Ki karanta mata wasiƙar farko ta shafin nan tukuna. Shi kuma saurayin da ya iya cewa a fasa, ki tambaye shi yaushe zai iya cewa a ɗaura.

Ni ɗan ina ne?

Gwaggo, ki yi haƙuri da Hausata, a Misfala aka haife ni, shekarata 24, ban taɓa ganin Najeriya ba sai a finafinan Kano. Babana ɗan Kano ne, an yi tarhil ɗinsa ina ƙarami, muna gaisawa a waya. Ba ni da igama, ba ni da fasfo. Ina tura keken marasa ƙarfi, ina sayar da cajar waya. Ina son wata yarinya, danginsu Hausawi ne masu jinsiyya, wato shaidar zama 'yan ƙasa. Babanta ya ce ba ya ƙina, amma ba zai ba mara takarda 'yarsa ba. A nan ana ce mini takari, a waya 'yan uwan babana suna ce mini Balarabe. Ni ɗan ina ne?

Ɗanki, Misfala

Ɗana, Hausarka ta fi ta wasu 'yan GRA. Wasiƙarka ce ta hana ni barci, shi ya sa na bar ta ƙarshe.

Tsakaninka da mahaifin yarinyar nan ba jini ne ya raba ba, ranar isowa ce. Mutanenmu sun daɗe suna zuwa nan. Bayan yaƙin Burmi a 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja jama'a suka yi gabas, suka kafa garin da har yau ake kira Mai Wurno a bakin kogin Nilu a Sudan, wasu suka zarce har Hijaz. Waɗanda suka iso tun kafin ƙasar ta yi kuɗin mai ta fara ƙirga baƙi, su ne jikokinsu ke amsa sunan Hausawi da Fallata da Barnawi. Usama Hausawi, wanda ya ja ragamar 'yan ƙwallon Saudiyya a gasar cin kofin duniya ta 2018, haifaffen Makka ne kamar kai. Kakansu ya iso ƙofa a buɗe, babanka ya tarar an rufe. Cajar da kake sayarwa ta ƙetare teku daga Sin, ba wanda ya tambaye ta igama. Kai da aka yanke wa cibiya a nan ake tambaya.

Dokar Saudiyya ba ta ba da jinsiyya don an haifi mutum a ƙasarta, ta wajen uba ake gadonta. Wannan ba zai canza don hawayena ko naka ba. Amma ka ji abin da ba a faɗa maka ba: sashe na 25 na kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya ce wanda aka haifa a waje, in ɗaya daga iyayensa ɗan Najeriya ne, shi ma ɗan ƙasa ne tun daga haihuwa. Kana da ƙasa, takardarta ce ba ka karɓa ba. Ka sa babanka ya aiko da hoton fasfonsa ko katin ɗan ƙasa, da shaidar ƙaramar hukumarsa, ka haɗa da duk wata takarda da ke nuna haihuwarka, ka nemi ofishin jakadancinmu na Jidda. Za ka sha jira, ka daure.

Mahaifin yarinyar ba mugu ba ne. 'Yar ƙasa ba ta auren baƙo sai da izinin hukuma, kuma ba a ba mara takarda izini. In wani ya ce ku ɗaura a ɓoye, ka tuna yadda ka tashi, ka tambayi kanka ko kana so ɗanka ya rubuto mini irin wasiƙar nan. In rabon a Kano yake, za a yi wa harshenka dariya wata shida, su gaji. Larabcin da ka sha da nono kuwa abin nema ne a can: islamiyyu suna so, kamfanonin jigilar alhazai suna so, 'yan kasuwar da ke zirga-zirgar Jidda da Dubai da Alƙahira suna neman tafinta. Ka fara da takarda, maganar aure ta biyo baya.

Gobe in Allah Ya kai mu zan wuce Madina. Ku da kuke gida kuna da 'yar uwa a Misfala, in kun kira ta a wannan makon, kafin ku tambaye ta nawa riyal yake yau, ku tambaye ta su nawa ne a ɗaki.